Haƙori a Kofin Ladan

"Lafiya lau, uwargida. To yau kuma gaisuwar ta bayan mayafi ce?"

Ladan Muhammad Sani na zaune kan gadon igiya a tsakar gidansa na unguwar Alsawra, can ƙasar kogin Nilu. Ƙarfe bakwai da kwata ne daidai. Madarar da mai jaki ya kawo tana cikin kofinsa da sanyinta, tana jiran shayi ya tafasa. Kofin na ƙarfe ne, fentinsa duk ya ɓaɓɓalle. Mahaifinsa ya taho da kofin daga Katsina a ƙafa kan hanyar Makka, har ya zauna a nan, kuma ba mai taɓa shi a gidan.

Marwa, jikarsa 'yar shekara goma sha tara, ta danne baki da gefen mayafi, ta buɗe masa hannu. Haƙorinta ne na gaba, ɗungurungum har da saiwarsa. Ta zame ne wajen randa, bakinta ya bugi dakali.

Ladan ya tsorata, amma bai bari ta gani ba.

"Shi ke nan, na sake ki. Ba na zama da mai giɓi."

"Ni shekara goma sha tara ina haƙuri da mai giɓi biyu," in ji ta, maganar na fita da iska.

Ya ce ta kawo ya jefa wa rana, kamar yadda suka yi tana 'yar shekara shida, rana ta karɓi haƙorin jaki ta ba ta na barewa. Ya miƙa hannu da gaske. Marwa ta kauce, ta kama haƙorin ta kansa da yatsu biyu, ta tsunduma shi cikin kofin.

"A madarata? A kofin Baba?"

"Wancan na yarinta ne, ya jiddu," in ji ta, yadda ake kiran kaka da Larabcin garin. "Akwai wani a ƙarƙashinsa. Wannan ba shi da ƙane."

Ta faɗa masa abin da ƙawarta Nuha mai karatun haƙori ta koya mata: ba a kama saiwar, ba a goge ta, ba a barin ta bushe. A sa a madara, a kai wa likita kafin awa ta cika. Ladan ya dubi agogonsa, ya zura takalmi, bai tsaya neman hula ba.

A cikin raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, shi ya riƙe kofin, ya rufe bakinsa da tafi. Duk ramin da suka faɗa sai ya ce wa direba ya yi a hankali, akwai mara lafiya a hannunsa.

"Mara lafiyar ga ta nan gefenka, tsoho," in ji Marwa.

"Ke kin riga kin lalace. Wannan nake ceto."

A asibitin haƙori, likitar, wata mata mai suna Basma, ba ta bar su a layi ba. Ta tambayi tun yaushe. Ladan ya ce minti talatin da takwas. Ta leƙa kofin, ta ce sun yi daidai. Yana tsaye daga bakin ƙofa ta yi wa yarinyar allura, ta ɗauraye haƙorin, ta mayar da shi raminsa a hankali kamar mai dasa ɗan dabino, ta ɗaure shi da siririyar waya jikin maƙwabtansa. Ta ce sati biyu sai abinci mai laushi, sannan su dawo akwai sauran aiki, amma tana sa rai zai kama.

Shekara saba'in da shida Ladan yana ɗauke da haƙora bai san rayayyu ba ne, bai san Allah ya bar musu awa guda ta komawa gida ba. Harshensa ya tafi kan giɓinsa. Ya tuna ranar da bulo ya faɗo masa a baki a wurin gasa bulo na Aljirif, yana saurayi, ya tsince haƙora biyu daga ƙasa ya wurga su cikin Nilu. Ga shanun wani Salih mai sayar da madara suna kiwo a bakin ruwan nan, taku ashirin.

"Me kake kallo?" in ji Marwa ta tsakanin waya.

"Ikon Allah nake kallo. Ba ke ba."

"Da ka ba rana, da yanzu ina jiran barewa."

A gida ya wanke kofin da kansa, ya goge da bakin rigarsa, ya ajiye shi a cinyarta.

"Riƙe. Tunda ya zama asibiti, ya fi ƙarfin shayina."

"Sakin fa?"

"Na janye. Matar da ake cire wa haƙori a mayar, ina zan samu irinta?"

Ita ba ta da halin dariya, sai kafaɗunta ke rawa. Shi ya yi musu su biyu, baki buɗe, giɓin nan nasa a fili.