Maroƙi a Ofishinmu na Yamai

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na raina wa mutum biyar hankali, Allah ya tona ni a gabansu. Ni ne shugaban wasu matasa masu rubuta manhaja, kowa daga garinsu yake aiki, a bidiyo muke haɗuwa. A lokacin shugabancin ya hau mini kai sosai (har wani gilashi na saya, alhali idona lafiya lau).

A cikinsu Rakiya ta Maraɗi ta fi kowa iya aiki, wani kamfani ma yana zawarcinta, kuma na san idan ta tafi aikinmu ya kwanta. Duk da haka da ta nemi konje, wato hutu, na kwana uku don bikin ƙanwarta, na hana. Na ce aiki bai san biki ba, ni ma ga ni a ofis a Yamai ko ƙauye ba na leƙawa.

Ƙarya nake. Kwana biyu bayan haka ina Filinge, sunan ɗan yayana. Na laɓe bayan rumbu inda rezon intanet ya fi kamawa, na ɗora kwamfuta a kan turmi, na liƙa hoton ofis a bayana a cikin bidiyon, mai labule da tukunyar fure. Muka fara taro, ina ta faɗa a kan masu wasa da lokaci.

Abin da na manta shi ne, a yankinmu na Kurfai ba a ɓoye wa maroƙin suna. Ya zagaya kowa, ya ƙirga 'yan gida, ya ga saura ɗaya. Kawai sai ga kan wani dattijo da rawani ya ɓullo ta tsakiyar labulen ofis, ya saka baki daidai kunnena.

"Ga shi nan! Ɗan Hajiya na Yamai, wanda ya baro aikinai ya taho suna! Shi ya sayi ragon ga! Mai zumunci, ba ka ƙin taron dangi!"

Na kai hannu in kashe murya, garin sauri na kashe hoton ofis. Rumbu ya fito, turmi ya fito, ga mata can suna tuƙa tuwo. Kuma dattijo ne, ba dama in kore shi. Ina laluben aljihu yana ƙara ɗaga murya, har ya kai kan kakana na Sanam.

Na dubi allo. Mutum huɗu sun kashe kyamara (daga baya na ji ƙasa suka faɗi don dariya). Rakiya kaɗai ta rage, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Barka da suna, shef," in ji ta. "Mi aka sa ma jaririn?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na ce, "Abdullahi." Ta ce Allah ya raya shi. Na ce amin, muryata kamar ta ɗan akuya. Na ƙara da cewa ta tafi bikin, mako guda ma.

"Na gode," ta ce. "Dama daga gidan bikin nike maka magana. Aikin kuma na gama tun jiya."

Ba ta bar mu ba, amma na ji jiki. Yanzu duk wanda ya ce yana da biki, kafin ya rufe baki na ce Allah ya sanya alheri. Na gane ma'aikacin nesa ba zamansa ake tsaro ba, aikinsa ake dubawa, kuma wanda zai yi ƙarya ya fara sallamar maroƙi.