Mafitsarar Yayan Farfesa

Duk wanda bai san Farfesa Na-Riga-Kowa ba, to bai taɓa bi ta gaban ɗakin bincikensa ba, don ko ƙofa na rufe muryarsa tana kaiwa bakin titi. Allah ya yi masa baiwa, shi kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, saboda ko hadari ya haɗo sai ya ce shi ya fara hangowa. Farar rigarsa ta aiki kuwa ba ta san tabo ba, tunda masu taɓa kwalaben fitsari daban, mai jawabi a kansu daban.

Fanninsa tsargiya, cutar nan da ake kwasowa a ruwan kwance, mutum ya riƙa fitsari da jini. Kowace safiya yakan tsaya jikin madubin likita, hannu ɗaya a ƙugu, ya yi wa ɗalibai karatu.

"Ku buɗe kunne, ba za ku ji wannan a bakin wani ba. Ƙwan tsutsar nan in ya maƙale a bangon mafitsara, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan yi masa taron dangi. Shekara da shekaru ana dambe, bango ya kumbura, ya yi tabo. Can sai wasu ƙwayoyin su ce a sassauta, tsaro ya yi sako-sako, ciwon daji ya sami ƙofa. Ni zan nuna wa duniya yadda abin ke tafiya tun daga tushe, a jikin mutum guda."

Mutum gudan nan yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomin shinkafa da ya tsufa ƙafarsa cikin ruwa. Da jinin ya fara damunsa sai ya ce ina amfanin neman bare alhali ƙaninsa farfesa ne. Aka zaunar da shi a benci, aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari. Farfesa ya leƙa madubi, ya ga ƙwai fal, fuskarsa ta cika da fara'a kamar an yi masa albishir da haihuwa.

"Maganin fa?" in ji Yaya.

"Yaya ke nan. Magani ai ƙwayoyi ne 'yan kaɗan, ko yaushe ana iya haɗiyewa. Amma in ka sha yanzu tsutsar ta mutu, me zan auna? Ka ɗan yi mini haƙuri zuwa baɗi."

Baɗi ta zo ta wuce, ta haifi wata baɗin. Yaya yana zuwa, yana zama a benci, yana komawa da zafin mara. Matarsa ta taɓa tare Farfesa a bakin mota ta ce mijinta ba ya iya sunkuyawa a gona. Ya ce mata kimiyya ba ta son gaggawa, ya ɗaga gilashi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, a ofishinsa ma an manna takarda mai cewa rigakafi ya fi magani.

Ranar da hoto ya nuna ƙari a mafitsarar Yaya, Farfesa ya yi ƙoƙari ƙwarai ya ɓata fuska, sai dai bakin ya ƙi ba shi haɗin kai. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Likitan tiyata ya ce a shiga da shi cikin makon. Farfesa ya roƙa a jinkirta, akwai babban taron masana, yana so a ga mutumin da ido.

Aka yi taro, zaure ya cika. An saya wa Yaya sabuwar riga, an ɗora shi a kujera kan dandamali, ya rame har wuyan rigar yana zame masa. Farfesa ya yi ta haska hotuna a bango, shekara bayan shekara, ƙwayoyin garkuwa suna taruwa, suna gajiya, ƙari yana tsirowa. Ya ce "ni" har mai riƙe da makirufo ya canza hannu. Aka tafa, ya dafa ƙirji ya rusuna.

Sai wata dattijuwar likita a layin gaba ta miƙe. Ba ta dubi Farfesa ba, Yaya ta duba.

"Baba, sannu da jiki. Duk tsawon shekarun nan, sau nawa ka sha maganin tsargiyar ya ƙi ji?"

Farfesa ya miƙa hannu zai amshe makirufo, amma Yaya ya riga ya gyara zama. Ran tsoho fari tas, yau ga damar da zai yaba ɗan'uwansa a gaban manya.

"Ko sau ɗaya ban sha ba, 'yata. Ƙanena ya ce in na warke aikinsa zai lalace. Mu kuwa a gidanmu ba ma ɓata wa namu aiki."

Yaya ya juya yana murmushi, ya ce, "Farfesa, na faɗa daidai ko? To yanzu da an gama, zan iya sha?"