Barbaɗen Ƙofar Mina

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar awarwaron nan ba, kacau-kacau a bakin ƙofa bayan sallar asuba. Lokacin muna haya a unguwar Aziziyya ta Jidda, ƙofarmu na kallon ta Mina, wata 'yar Tamil daga kudancin Indiya da mijinta ke aiki a asibiti. Mace mai kirki, kullum sai ta aiko 'yarta Kabita da abinci mai yaji.

Kafin in sa hijabi in leƙa, ba kowa. Sai wani zane da farin gari a dokin ƙofarta, ɗigo-ɗigo, layuka sun kewaye su kamar hatimi. A garinmu in ka ga barbaɗe a bakin ƙofa, ka san ba alheri ba ne. Na ce wayyo, baiwar Allah ba ta da kowa a Jidda, an sa ta a gaba!

Ban gaya mata ba, kada hankalinta ya tashi. Na ɗauko bokiti da tsumma na wanke tas, ina Falaƙi da Nasi. Washegari ya dawo, na sake wankewa. (Har zamzam ɗin da maigida ke ɓoye wa baƙi na yayyafa.)

Wata rana muka haɗu da Mina a matakala, idonta ya yi ja, ta yi min magana da Larabci. "Ukhti, akwai wanda ba ya son mu a gidan nan. Kullum a ƙofata! Na ce wa mijina halas, mu tashi." Na riƙe hannunta na ce ta yi haƙuri, Allah na nan. Ina ta jin kaina wata jaruma.

Ranar bikin girbinsu zanen ya cika baranda, har da ja da kore. Na ce yau kam maƙiya da gaske suke. Na tsuguna ina dirza, sai ƙofa ta buɗe. Ga Mina da kwanon gari a hannu, awarwaro na kacau-kacau, ga baƙinta mata a baya.

"Ke ce?!"

Larabcin ma guduwa ya yi. Da kyar na ce, "Sihir... ina taimakon ki ne." Ta dube ni, ta dubi tsumman, ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa.

Ta ja ni ciki, ta nuna min gidan kakarta a waya. Dakali mai faɗi hagu da dama na ƙofa, tinnai suke ce masa, matafiyi ya zauna ya sha ruwa, har ya kwana ba mai tambayar sa. Tsakar gida a buɗe, ruwan sama na sauka, mata na tsintar shinkafa. Shi kuwa zanen, kolam, garin shinkafa ne: alamar gida lafiya, baƙo ya shigo, tururuwa ma su samu abinci.

"A nan ba dakali, ba tsakar gida," in ji ta. "Wannan kaɗai na iya tahowa da shi." Sai zauren mahaifina ya faɗo min a rai.

Ba su tashi ba, alhamdulillahi. Ni kuwa yanzu kafin in ceci mutum, sai na tambaya ko yana neman ceto. Da zan fita Kabita ta miƙo min bokitina, ta kira ni inna da Larabci ta ce, "Khala, in za ki wanke gobe, ki bari tururuwa su gama karin kumallo."