Tulin Kashin Shanun Kwatar Garwa

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je koya wa mahautan Garwa sana'arsu ba.

Ban daɗe da gama jami'a ba wata ƙungiya ta ɗauke ni aiki. A makaranta an koya mana cewa kafin ka ce sana'a za ta ɗore, sai ka duba muhalli, ka duba abin da take kawowa, ka kuma zauna da masu yinta. Shef ɗina, wato shugabata a wurin aiki, ta tura ni kwata in yi wannan awon. Na je da la'asar cikin farin takalmi, wari ya tare ni tun daga ƙofa. Sai na tsaya can nesa (don in ga komai da kyau, na ce wa kaina), na hango tulin kashin shanu da dattin tumbi, na ɗauki hoto na gudu. A rapor, wato rahotona, na rubuta cewa shara ce, a kawo mota ta riƙa kwashewa zuwa bola.

Ranar taron gabatar da rapor na zo tare da Shef, mahauta suka cika rumfa, har da mata masu lambu. Na yi bayani ina jefa Faransanci. Da na gama, Sarkin Pawa ya gyara zama.

"Ɗana, da safe ka taɓa zuwa?"

"A'a, Baba."

"Da ka zo, da ka ga ana rububin sharar taka. Masu albasar bakin kogin Binuwai ke kwashe ta. Mu damuwarmu ruwan jini ne da ke gangarawa kogi. Ka rubuta shi?"

Ban ma gan shi ba, don ta bayan ginin yake bi.

Sai wata mata ta miƙe a baya. Goggo Hajara ce, ƙanwar babana.

"Ku yi masa haƙuri, ɗan yayana ne. Albasar da yake cewa babu kamarta a gidana, da wannan kashin na noma ta."

Rumfa ta kece da dariya. Shef ta duƙar da kai tana rubutu, kafaɗunta na rawa don dariya.

Sati biyu na yi ina sammako kwata, muka sake rapor tare da mahautan, aka gina ramin tace ruwan. Tun daga nan na gane cewa awon da hanci bai wahala a cikinsa ba, kada a kai shi gaban mutane, musamman in goggonka tana wurin.