Man Kaɗen Maikano da Ordinatar Zahara'u

"...lafiya lau, ya hanya? Ya gwiwar? Au, ashe har yanzu kana nan da ranka, tsoho?"

"Ina nan daram, sai na ga furfurarki. Matsa ki ba mijinki kujera."

Haka Zahara'u ke tarbar kakanta Maikano duk ranar da ya zo Magarya daga Dungas, shi ma bai taɓa barin ta ta ci bulus ba. Sana'arta ɗaukar bidiyon biki da suna, ta dawo shago ta gyara. Ordinatarta, wato kwamfutarta, ta mutu, ta sayar da awakinta kaf don sayen wata, ga guda biyu nan a kan tebur, ƙarama da babba. Alhassan mai kawo kaya daga Kano ya bar mata su ta gwada. Da la'asar zai zo ya ɗauke wadda ba ta so, kuma abin da aka saya a hannunsa ba ya komawa. Ni ɗinki nake yi a shagon da ke jikin nata, amma da na ji muryar tsohon sai na ɗage ƙafa daga keke, don irin wannan kallon ba a barin sa ya wuce.

"Wannan fa?" in ji Maikano, yana zungurar ƙaramar da sanda. "Gidan sabulu kika saya da awaki?"

"Cire sandarka, baƙauye! Ita nake so. In jefa ta a jaka, in hau kabu-kabu, sai Sassumburum. Waccan kuwa ji ta, ƙatuwa kamar kanka."

"Ƙatuwa? Ko kwanon tuwona ba ta kai ba. Me ke cikinta?"

"Fanka biyu, da babban abin da ke raba mata wutar kuran. Nauyin banza."

"Ita 'yar mitsilar fa?"

"Fanka ɗaya. Amma zan shiga cikinta in ƙara mata gudu, ya wuce yadda masu ƙera ta suka tsara. Aikin yini ta gama min shi kafin azahar."

Tsohon ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Ki ƙara mata gudu? Ke da ko kaza ba ki iya kora ba?"

"Kai me ka sani? Wayarka ma ni nake amsa maka ita."

"Shekara ashirin ina kan injin niƙa, yarinya, lokacin uwarki ma tana yawo ba zane. Kunna su duka, ki ƙara masu gudun naki, in nuna miki aikin manya."

Ta kunna, ta shiga ta ƙara wa kowace, ta ɗora masu bidiyon biki iri ɗaya. Maikano ya laluba aljihu ya fito da gwangwanin man kaɗen da yake shafa wa gwiwa. Ya sa ta nemo murfin kwalbar lemo biyu, ya lakata man ya cika su, ya ɗora ɗaya a kan kowace ordinatar.

"Inna lillahi! Tsoho, maganin ciwon ƙafarka za ka shafa wa kayan mutane?"

"Haka muke yi wa inji. Wanda ya riga narkar da mai, shi zai riga mutuwa."

"Wallahi yau sai ka sake ni. Ba zan zauna da boka ba."

"In sake ki wa zai kwasa? Ke da miyarki ko akuya ba ta sha."

"Da wane haƙorin kake cin tuwon? Guda uku suka rage, su ma ba sa ga maciji da juna."

Suna cikin haka ƙaramar ta fara kuka, wani siririn ihu kamar sauro ya shiga kunne. Na leƙa. Man da ke kanta ya zama ruwa tsaf, na kan babbar kuwa gefensa kawai ya yi laushi. Hoton da ke ekran, wato allon ƙaramar, ya fara tafiya yana tsayawa, har amarya ta ƙame da baki buɗe, loma a hannu.

"Ga amaryarki nan ta ƙware," in ji Maikano. "Kawo mata ruwa."

Zahara'u ta taɓa ƙaramar, ta janye hannu da sauri.

Sai kuran ya yi ƙasa, kamar yadda ya saba da rana tsaka. Ƙwan fitila ya yi ja, ordinatar biyun suka ɗauke tare.

"Yawwa!" Ta yi tsalle tana tafi. "Ga taka ma ta sume! Ina bokancin?"

"Wannan ba laifinta ba ne, abincin ne bai ishe ta ba." Ya juya tafin hannunsa na dama, inda wani tsohon tabo ya kwanta fari. Muryarsa ta sauka. "Kin san wannan? Ranar kasuwar Dungas ce, mata sun yi layi da hatsi. Na ce bari in ƙara wa injina wuta in sallame su da wuri. Ina ganin man ya narke, na kau da kai. Kafin la'asar ya ƙone. Shanu biyu na sayar na saye shi, ban sake mallakar wani ba har yau."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Zahara'u ta dubi tabon, ta dubi ƙaramar ordinatar, na san awakinta take tunawa. Ta ture ta gefe a hankali.

"Na ji, tsoho, ka ci. Babbar zan ɗauka, gudun ma kaɗan zan ƙara."

"Maimaita da ƙarfi, tela bai ji ba."

"Ka ci, na ce! Sai ka yi ta faɗi har kabari."

Ya yi dariya har haƙoran nan uku suka bayyana. Ya jawo buhun da ya shigo da shi, ya fito da regilatar, akwatin nan da ke daidaita kuran in ya yi sama ko ƙasa. Sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

"Fankar ɗakina na sayo wa, shi ya kawo ni gari. Ungo, haɗa wa ƙatuwar taki. Cikon sadakinki ne."

"Kaka..." Rabon da ta kira shi haka har na manta. "Kai fa? Zafin nan?"

"Ina da mata, me zan yi da fanka?"

Ta goge ido da bakin mayafi, ta zaro mafici daga bayan tebur, ta tsaya a kansa tana yi masa fifita.

"Ƙara gudu," in ji shi, ya lumshe ido.

"A'a, tsoho. Kar ka narke."