Tayar da Na Ce Ta Bara Ce

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da lambobin nan huɗu ba: 2313. A shingen jandarma na fita garin Agye na gan su. Rana ta take, na sauko daga babbar motar Kawuna don in sayi ruwan leda, ina juyowa sai idona ya faɗa kan tayar gaba, ta gefen da nake zaune. Ga su nan ɓaro-ɓaro cikin wani ɗan zagaye. Sati na ashirin da uku, shekarar 2013. Wato an yi tayar nan ina aji ɗaya a lakol, ko famfara ban gama ba. Ledar ruwan ta suɓuce daga hannuna.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda na jawo wa kaina.

Kawu Salisu ƙanen mahaifiyata ne. Yana ɗaukar buhunan aya da wake daga Gazawa zuwa kasuwar Cadawa, mata 'yan kasuwa su hau saman kaya. Wani direba ya gaya masa cewa kowace taya da lokacin haihuwarta a jikinta, kuma in ta tsufa, ko zanenta bai cinye ba, robar ta riga ta mutu. Shi kuwa idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu (tabarau, in ji shi, na malaman lakol ne). Ni kuma na gama kwaleji ina zaman gida, ina jin kaina kamar likita. Na duba a waya na gane abin: a nemi haruffan DOT, a bi su har ƙarshe, akwai lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Ranar babu wanda ban yi wa darasi ba a gidanmu, har kakata da ko keke ba ta taɓa hawa ba.

Da tayar gaba ta cinye, sai Kawu ya ce, "Tashi mu je, ɗiyata. Yau karatunki zai yi rana."

Na sa sabuwar doguwar rigata fara (wa ya aike ni?). Mai tayun da muka je wurinsa yana sayar da na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su ta iyaka, ya jingina su da bango, ya shafe su da wani baƙin mai suna ta ƙyalli. A ƙarƙashin itacen bedi kuma ga samarin unguwa suna shan shayi, biyu daga cikinsu ajinmu ɗaya. Kawu ya nuna wata mai zurfin zane ya ce in karanta. Na sunkuya kaɗan. Na ga DOT, na ga wasu haruffa, daga nan babu komai. A wayar an faɗa cewa sau da yawa gefe ɗaya ne kawai ke da cikakkiyar lambar, na kuma sani sarai gefen yana wajen bango. Abin da ya rage kawai in ce a juya ta, in durƙusa cikin ƙasa da baƙin mai. Da farar riga. A gaban masu shayi.

"Yaya, 'yar lakol?" in ji mai tayun, yana murmushi.

Na miƙe, na kaɗe hannun da bai taɓa komai ba, na ce, "Ta bara ce."

Kawu ya ce, "Kun ji ko? A ɗaura ta a gaba."

To ga ni bayan kwana biyu, tsaye a Agye, gefen da ya kalli bango yanzu ni yake kallo. Man da aka shafa ya bushe, sai ga ƙananan tsage ko'ina a jikin robar, kamar faso a dundunniya. Kuna tsammanin nan take na faɗa wa Kawu? Ina! Na hau mota na zauna, na rufe ƙofa a hankali, wai kada in ƙara wa tayar nauyi.

Muka hau kwalta. A gaba mu uku ne: Kawu, da Inna Laure mai sayar da aya a tsakiya, da ni a bakin ƙofa, daidai saman tayar. A bisa kaya mata bakwai, biyu da goyo. Ina jin dariyarsu ta taga. Na sha jin direbobi suna cewa tayar baya in ta fashe a kan tsira, ta gaba kuwa sai dai a tara mutane. Kowane rami muka faɗa sai in leƙa tayar ta taga. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

"Wannan tayar ɗiyata ce ta zaɓa," Kawu ke gaya wa Inna Laure. "Kallo ɗaya ta yi mata ta faɗi shekararta."

"Allah ya yi albarka," in ji Inna Laure. "Ke 'yar nan, mi ya same ki kike zufa haka?"

A lokacin ne na fara jin wani ɗan bugu a ƙarƙashin ƙafata, dum, dum, dum, yana tafiya tare da juyawar tayar. Wata mota ta taho daga gaba, Kawu ya ɗan kauce, wani jariri ya fashe da kuka a sama. Sai na ga matan nan a raina a warwatse a bakin hanya, buhunan aya a kansu, duk saboda farar riga.

"Kawu, tsaya!"

"Lafiya?"

"Cikina ne."

(E, ko a nan ma ƙarya na fara yi. Ku yi mini shaida.)

Ya gangara gefe ya tsaya. Na sauka, na yi taku uku wajen gonaki, sai na fasa. Na dawo na tsaya gaban tayar, na fashe da kuka, na ce da ƙarfi yadda har na saman kaya suka ji, "Ba ta bara ba ce! Ban karanta ba! Ta fi shekara goma!"

Kawu ya sauko daga mota. Ya zagayo, ya tsuguna, ya zura hannu ta cikin tayar yana shafawa. Sai na ga hannun ya tsaya. Ya kama nawa ya kai wurin. Wani kumburi ne kamar mangwaro, da zafi kamar an sauke tukunya.

"Kowa ya sauka," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ku yi nesa."

Da Kawu ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai kawai ya sauko da tsohuwar tayarsa da ke ɗaure a baya, ya gangaro da ita gabana, ya ce, "Karanta wannan. A hankali." Na durƙusa cikin rairayi mai zafi, na tofa yawu na goge da bakin mayafina, mata bakwai da Inna Laure suna tsaye a kaina. Ta cinye, amma ta fi waccan ƙuruciya da shekara shida. Wasu manoma suka taya shi ɗaurawa, muka kama hanya kamar amalanken shanu. Ko a hakan ban yarda mun tsira ba. Har Cadawa ina riƙe da ƙofa da hannu biyu, kunnena na ƙasa.

Ana kiran la'asar muka tsaya wurin wani dattijo mai faci a bakin gari. Ya cire tayar daga ƙarfenta, ya leƙa ciki, ya kira Kawu. Wayoyin ciki sun tsintsinke a wurin kumburin. Zurfin zanen da ya ruɗe mu kuwa, ya ce da wuƙa aka sake yanka shi.

"Wa ya ce ku tsaya?" ya tambaya.

Inna Laure ta nuna ni. "Ga ta nan. Ita ta ɗaura mu, ita ta kwance mu."

Dattijon ya dube ni, ya ga har lokacin ina riƙe da ƙofar motar, ya ce, "Saki ƙofar, ɗiyata. Kun iso. Babu abin da zai same ku yau."

A nan ne na zauna a ƙasa, kan baƙin man wurinsa, na sake wani kukan.

Har yau in yaro ya fasa leda a bayana sai na zabura. Matan kasuwa kuma sun raɗa mini suna, ko a gidan biki in na shiga sai ka ji, "Sannu da zuwa, Ta-bara." Kawu bai fasa tafiya da ni sayen taya ba. Sai dai yanzu tsohon zane nake ɗaurawa, kuma kafin ya buɗe baki na riga na ce, "A juya ta." Farar rigar kuwa tana nan cikin akwati, tsaf, ba ɗigon mai. Ban ƙara iya sa ta ba.