Ranar Da Na Zama Ƙanwar Kaina

Ba zan taɓa mantawa da baƙar jakar matar nan ba. Na leƙo ƙofar gidanmu a unguwar Boukoki, sai na hango ta gaban mai butik, ɗan shagon layinmu, tana tambaya, shi kuma yana nuno gidanmu da haɓa.

Lokacin muna tsakiyar shari'a da baban ɗiyata Nafisa. Ya sake ni, na kwaso kayan ɗakina, na kai ƙara kotu kan abincin yarinya. Shi kuwa ya aiko cewa in dai sai ya biya, to ɗiyarsa zai ɗauke. Tun daga ranar kowa ɗan leƙen asirinsa ne a idona (har mai kawo mana ruwa na daina amsa wa gaisuwa).

Na tura Nafisa bayan labule, na ce ko tari kada ta yi.

Matar ta yi sallama, ta gaishe ni da Zabarmanci. "Fofo. Ke ce Hadiza?"

"A'a tanti, ƙanwarta ce. Ta tafi Maraɗi."

"Da yarinyar?"

"Wace yarinya? Ai Hadiza ba ta iya riƙon yara ba, yawo ya yi mata yawa."

(Ni da bakina! Wai don ta fid da rai ta tafi.)

Sai labule ya motsa. "Mama, in yi tarin yanzu?"

Matar ba ta ko murmusa ba. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta fita. Ni kuwa na goya Nafisa, sai unguwar Yantala wajen gwaggona, inda na laɓe har ranar zaman kotu.

Ina shiga ofishin alƙali, ga tanti zaune da jakarta a cinya. Ashe ma'aikaciyar kotu ce, an aike ta ta ga yadda yarinya ke zaune kafin a yanke wa zai riƙe ta.

Alƙali ya gyara tabarau. "Yau wa muka samu, Hadiza ko ƙanwarta?"

Baban Nafisa ya fashe da dariya har da buga cinya. Na ce a raina shi ke nan, na ba da ɗiyata da hannuna.

Sai tanti ta ce, "Ranka ya daɗe, na ga yarinya tsaf, da ƙoshin lafiya. Ko tari sai ta nemi izinin uwarta."

Gab da azahar alƙali ya ce Nafisa tana hannuna, ubanta zai riƙa biyan ci da makaranta duk wata. Yanzu dai baƙo in ya yi sallama, nakan tambaye shi wa ya aiko shi kafin in tafi Maraɗi.